Sifirin ɗin gaba a motar da aka sauke: kilo 4, 6, 8 ko 10?

Duk wanda ya sauke motarsa ƙasa, ya sa mata faffaɗan taya, ya ƙara wa injin ƙarfi, ba ya daɗewa sai ya zo kan tambayar sifirin ɗin gaba. Amsar da ta fi yawo a bakin masu sha'awar motocin gudu ita ce a ƙara tauri kawai, wai mota mai tauri ita ke riƙe hanya. Ban yarda da wannan ba, kuma abin yana damuna, domin motoci masu kyau da yawa sun lalace a hannun masu su ta wannan hanyar. Abin da nake gani shi ne ka nemi sifirin mafi laushi da zai hana gaban motar zama a kan robar tsayawa, wadda ke tare taya idan ta kai ƙarshen hawanta, a irin tuƙin da kake yi. Abin da zai gaya maka wane ne wannan sifirin kuwa shi ne tazarar hawa da ta rage wa ƙafar, wato ƙarafan da ke haɗa taya da bodi, bayan an sauke motar.

Kafin a kwatanta, sai an san me lambar take nufi. Idan aka ce sifirin kilo 6 ne, ana nufin kilo 6 na nauyi ke danne shi da milimita 1. Kamfanonin Japan sun fi rubuta shi haka, na Turai su rubuta N/mm, na Amurka kuma lb/in. Kilo 1 daidai yake da N/mm 9.8, ko kusan lb/in 56. Saboda haka sifirin kilo 6, da mai 59, da mai 336, abu ɗaya ne a tufafi uku.

Sai dai lambar da ke jikin sifirin ba ita taya ke ji ba. A ƙafar MacPherson, wadda ta fara yaɗuwa tun daga Ford Consul na 1950 kuma ita ce a gaban yawancin motocin yau, sifirin yana zaune kusan a kan tayar, idan taya ta hau milimita 10 shi ma zai danne da kusan 9.5. A ƙafa mai hannu biyu, sama da ƙasa, irin ta Mazda MX-5 ko Honda Civic na shekarun 1990, sifirin yana kan hannun ƙasa daga can ciki, taya ta hau 10 shi ya danne da kusan 7. Wannan rabon ba sau ɗaya ake lissafa shi ba, ana ninka shi da kansa. Na 0.95 ya zama 0.90, na 0.7 ya faɗo 0.49. Ke nan sifirin kilo 8 a MacPherson yana kai wa taya kilo 7.2, a ƙafa mai hannu biyu kuwa kilo 3.9 kacal. Don haka idan wani ya ce maka kilo 8 yake hawa kuma motar tana tafiya lami lafiya, tambayarka ta farko ita ce wace irin ƙafa ce a motarsa.

Ma'aunin da ke haɗa komai wuri ɗaya, nauyi da tauri da rabon ƙafa, shi ne yawan lilon da bodin motar ke yi sama da ƙasa a cikin sakan ɗaya, wanda ake rubutawa da Hz. Motocin iyali suna tsakanin 1 da 1.5. Motocin gudu na kan titi suna tsakanin 1.5 da 2. Waɗanda aka shirya wa filin tsere, marasa manyan fukafukan danne iska, galibi suna daga 2 zuwa 2.5. Masu dogaro da iska ta danne su kan wuce 3, amma wannan wata duniya ce daban.

Motar misali

Mu ɗauki mota mai kilo 1,350, inji a gaba, ƙafar MacPherson. Kilo 800 na kan tayoyin gaba, wato 400 kowane gefe. A cire nauyin taya da rim da birki da sauran abin da ba ya kan sifirin, a bar kilo 350. A ce sifirin da ta zo da shi daga kamfani kilo 2.5 ne, kuma ƙafar tana da milimita 80 na hawa kafin ta taɓa robar tsayawa, robar nan mai kama da soso da ke jikin sandar shokozoba, wato shok. Lilonta a haka kusan 1.3 ne. Yanzu an sauke ta da milimita 40 a kan shok mai tsawon na asali. Rabin tazarar ya tafi.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan ka taka birki da ƙarfi, har ƙarfin tsayawar ya kai nauyin motar kanta, abin da taya mai kyau ke iyawa a busasshiyar kwalta, kusan kilo 260 ke komawa gaba a motar da tsakiyar nauyinta ke rabin mita daga ƙasa, tazarar tayoyin gaba da na baya kuma mita 2.6. Kilo 130 ke nan a kowace tayar gaba. Da taurin sifirin na asali, hancin motar zai nutse da kusan milimita 58, idan ba a lissafa ɗan abin da tsarin ƙafar ke ragewa ba. Tazara 40 ce ta rage. Birki kaɗai ya cinye ta, ba a zo maganar kwana ko gargada ba tukuna.

To nawa za a ƙara? Akwai lissafi biyu, kuma bambancinsu shi ne zuciyar maganar. Idan nauyi ne mai zuwa a hankali, irin na birki ko doguwar kwana, rabin tazara na buƙatar ninki biyu na tauri, wato kilo 5. Idan kuwa duka ne na lokaci ɗaya, kamar motar ta sauka daga ɗan tudu da gudu ko ta faɗa kwari a tsakiyar hanya, abin da sifirin ke iya shanyewa yana tafiya ne da tazara an ninka ta da kanta. Rabin tazara na buƙatar ninki huɗu, wato kilo 10. Kamar mutum ne ya diro daga bisa alhali yana tsugune, gwiwa ba ta da sauran wurin lanƙwasawa, sai dukan ya wuce kai tsaye zuwa ƙugu. Shok da robar tsayawa suna ɗaukar wani kaso na dukan, shi ya sa ba kowa ke buƙatar 10 ba, amma lissafin ya nuna abu ɗaya ƙarara: kowace milimita da ka sauke tana da tsada, kuma na ƙarshe sun fi na farko tsada nesa ba kusa ba.

Kilo 4

A motar misalinmu wannan yana ba da lilo 1.6, birki mai ƙarfi ya nutsar da hanci da milimita 36. Irin wannan tauri ne ake yawan samu a sifirin saukarwa na kan titi, masu zama a kan shok mai siffar na asali. Daɗinsa a fili yake. Taya tana bin ƙasa a hanya mai gargada, a cikin ruwan sama motar tana ba ka labari kafin ta zame, kuma wanda ke zaune a gefenka ba zai yi ƙorafi ba. Idan saukarwar ba ta wuce milimita 25 zuwa 30 ba, tayoyin kuma na titi ne, wannan ya isa, kuma ba na ganin dalilin wuce shi.

A saukarwar milimita 40 kuwa, 36 daga cikin 40 sun tafi a birki. Ka shiga kwana kana sakin birki, tayar waje ta ƙara ɗaukar nauyi, sai ƙafar ta hau roba. Daga nan ba sifirin ke ɗauke da motar ba, roba ce, taurinta kuma yana hauhawa da sauri yadda ake danne ta. Taurin gaba ya yi tsalle a tsakiyar kwana, sitiyari ya yi sakayau a hannu, motar ta miƙe ta ƙi juyawa. Mai motar zai ce motarsa ta cika tauri, ya je neman abin da ya fi laushi, alhali laushin ne ya kai shi kan robar. Wannan ruɗanin shi ne ya fi kowanne yawa a motocin da aka sauke, kuma maganinsa ɗayan biyu ne, a ƙara tauri ko a ɗaga motar.

Kilo 6

Lilo ya kusa 2, nutsewar birki ta koma milimita 24, an bar 16 don kwana da gargada. Ga motar da ake hawa yau da kullum, ana kuma kai ta filin tsere lokaci zuwa lokaci, a kan tayoyin gudu na titi, nan na fi tsayawa. Za ka ji haɗin kwalta da ƙananan ramuka fiye da da, babu musu, amma idan shok ɗin ya dace, jin yana zuwa ne sau ɗaya ya wuce, ba ya maimaita kansa. Abin da ka samu a madadin haka shi ne mota mai amsa sitiyari nan take, wadda ke zama a kan tayar waje ta tsaya a nan har ƙarshen kwana.

Akwai wani abu da ya shafi MacPherson musamman. Idan bodi ya kwanta a kwana, tayar waje ma takan kwanta tare da shi ta hau kan kafaɗarta, domin wannan ƙafar ba ta gyara karkatar taya sosai yayin da take hawa. Saukarwa tana ƙara munana abin. Da zarar hannun ƙasa ya daina gangarowa wajen taya, ya koma yana hawa sama, wurin da bodi ke juyawa a kai yakan faɗi fiye da yadda tsakiyar nauyin motar ta sauka. Sakamakon abin mamaki ne ga wanda bai taɓa ji ba: motar da aka sauke sosai tana iya kwanciya a kwana fiye da lokacin da take a tsaye, a kan sifirin iri ɗaya. Shi ya sa a irin wannan ƙafar tashi daga 4 zuwa 6 kan ƙara wa gaba riƙo, duk da cewa ƙa'idar da kowa ya haddace ta ce taurin gaba na rage shi. Ka durƙusa ka dubi hannun ƙasa motar tana kan tayoyinta a shimfiɗaɗɗen wuri. Idan gefen taya ya fi gefen bodi tsayi, ka wuce gona da iri a saukarwa, kuma wani ɓangare na taurin da kake saye yana biyan bashin wannan ne kawai. Ana sayar da bol joyin mai dogon wuya da kan tayarod na gyara don dawo da hannun daidai, kuma sun fi ƙarin kilo 2 amfani.

Kilo 8

Lilo kusan 2.3, nutsewa milimita 18. Wannan na mai tayoyin da roba ɗinsu ke da laushi da manne wa kwalta ne, irin waɗanda zanensu kaɗan ne, kuma filin tsere ne babban abin da ke gabansa. Irin waɗannan tayoyin suna jan motar gefe da ƙarfin da tayar titi ba ta kai ba, don haka suna kwantar da bodi fiye, suna kuma cin tazara fiye. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta motar tana sauya hannu daga dama zuwa hagu ba jira. A hanya mara kyau kuwa taya ta fara tsallake ƙananan tuddai maimakon bin su, kuma tayar da ke sama ko da na ƙiftawar ido ne ba ta birki, ba ta kwana. Za ka ji na'urar hana birki kullewa tana kaɗawa a ƙarƙashin ƙafarka a wuraren da da ba ta yi. Idan a kan tayar titi ta yau da kullum ka sa kilo 8, ka ɗauki wahalar ba tare da ladan ba, domin tayar za ta zame tun kafin ta yi ƙarfin da zai buƙaci wannan taurin.

Kilo 10 ba zan daɗe a kansa ba. Lilo 2.5, nutsewa 14. Motar tsere ce mai tayoyin tsere, ko kuma motar da aka sauke har ba ta da wata mafita. Abu biyu ne kawai zan nuna. Na farko, taya ita ma sifirin ce, mai taurin da ya kai kusan N/mm 200 zuwa 300, kuma ba ta da shok a kanta. A kilo 4 kusan kashi ɗaya cikin takwas na motsin yana faruwa a jikin taya, a kilo 10 ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wannan kason babu mai kwantar da shi. Na biyu, nauyin motar yana danne kilo 10 da abin da bai kai milimita 40 ba. Idan taya ta sauka fiye da haka, misali tayar ciki a kwana ko a kan tudu, sifirin ya saki, ya rabu da mazauninsa. Dole a sa ƙaramin sifirin mai laushi a samansa don ya riƙe shi, shi kuma yana cin nasa wurin.

Ka lura da yadda ribar ke raguwa. Daga 4 zuwa 6 ka ceto milimita 12 a birki. Daga 6 zuwa 8 ka ceto 6. Daga 8 zuwa 10 ka ceto 4. Ɗaga motar da milimita 10 ya fi tashi daga 6 zuwa 8 ba ka tazara, kuma bai taɓa daɗin tafiya ba. Idan da za a karɓi shawara ɗaya daga gare ni, wannan ce.

Gaba ba ya tafiya shi kaɗai

Jimillar nauyin da ke komawa tayoyin waje a kwana ba sifirin ke yanke shi ba. Nauyin mota, tsayin tsakiyar nauyinta, faɗin da ke tsakanin tayoyin dama da hagu, da ƙarfin kwanar, su ne masu hukunci. Aikin sifirin da sitabilaiza, sandar nan da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, shi ne raba wannan nauyin tsakanin gaba da baya, kuma ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi girma. Taya kuma ba ta ninka riƙonta idan an ninka mata nauyi, don haka ɓangaren da ya ɗauki kaso mai yawa shi ke fara zamewa. Ƙara taurin gaba kaɗai, bayan an riga an shawo kan kwanciyar bodi, yana sa mota ta miƙe a kwana.

A mota mai jan gaba wannan ya fi ciwo. Tayoyin gaba ne ke ja, su ke juyawa, su ke yawancin birki, kuma taurin gaba yana sauƙaƙa wa tayar ciki nauyi daidai lokacin da kake son taka totur a fitar kwana, sai ta yi ta juyawa a banza. Shi ya sa masu shirya irin waɗannan motocin don tsere ke kai taurin baya, har ka ga tayar baya ta ciki ta ɗaga sama. A mota mai jan baya mai ƙarfin inji abin ya juya, ana barin baya da ɗan laushi don tayoyin ja su zauna a ƙasa, gaba ya ɗauki aikin hana kwanciya. Saboda haka tsakanin motoci biyu masu nauyi ɗaya, mai jan baya ta fi jure kilo 8 a gaba.

Akwai kuma tsohon darasin Maurice Olley, injiniyan da ya bar Rolls-Royce ya koma Cadillac a 1930. Ya nuna cewa tunda tayar gaba ke fara hawa tudu, ta baya ta biyo daga baya, gara lilon baya ya ɗan fi na gaba sauri don ya cim masa, motar ta tashi ta sauka a miƙe maimakon ta riƙa sunkuyo da ɗagowa. A motarmu, a gudun kilomita 100 cikin awa, tazarar lokacin ta kusa kashi ɗaya cikin goma na sakan. Galibi ana ba baya ƙarin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Idan gaba na kilo 6 ne, baya zai nemi lilo kusan 2.2. Da kilo 235 a kowane gefen baya, wannan sifirin kilo 5 ne idan yana kusa da taya, amma kusan kilo 11 ne idan rabon ƙafar 0.65 ne. Motoci irin BMW E36 da E46 suna da sifirin baya a can cikin hannu, dabam da shok, shi ya sa lambobin bayansu kan fi na gaba girma ba tare da bayan ya fi tauri haka ba. A filin tsere, da shok mai ƙarfi, mutane da yawa suna karya wannan ƙa'idar ba tare da matsala ba. A doguwar hanya mai tudu da kwari kuwa, motar da gabanta ya fi baya sauri sosai tana gajiyar da wuya.

Mai tauri ɗaya ko mai ƙara tauri

Sifirin mai zobba daidai wa daida taurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Shi ake lissafi da shi cikin sauƙi, shi kuma ya fi sauƙin haɗawa da shok. Wanda zobbansa suka matsu a gefe ɗaya yana farawa da laushi, idan matsattsun zobban suka haɗu sai ya ƙara tauri. A takarda ya yi kama da maganin komai, laushi a ƙananan gargada, tauri a kwana. A aikace, da yawa daga cikinsu nauyin mota kaɗai ke rufe zobban laushin, aikinsu kawai su riƙe sifirin a mazauninsa idan taya ta sauka. Waɗanda kuma ke sauya tauri a tsakiyar tafiya suna sa motar ta fara kwanciya da sauri sannan ta tsaya, kuma shok ba ya iya dacewa da tauri biyu a lokaci ɗaya. Don titi kaɗai ba laifi. Idan kana son ka san abin da motar za ta yi a kowace kwana, ka ɗauki mai tauri ɗaya.

Yanke sifirin na asali kuwa ba hanya ba ce. Cire zobe ɗaya daga takwas masu aiki yana ƙara tauri da kashi 14 cikin ɗari kacal, alhali saukarwar da ya jawo tana neman ninki biyu ko fiye. Gasa shi da wuta don ya zauna ya fi muni, domin zafin yana kashe ƙarfen.

Shok da sitabilaiza

Ƙarfin da ake buƙata don kwantar da lilo yana ƙaruwa da tauri. Daga kilo 2.5 zuwa 6 ana neman ƙarin fiye da rabi, zuwa 10 kuma ninki biyu. Shok na asali ba zai iya ba, sai motar ta riƙa tsalle bayan kowane tudu, mai ita ya ɗora wa sifirin laifi. Yawancin abin da mutane ke kira tauri mai ciwo daga shok yake, ko dai ya gaza ko kuma ya yi ƙarfi fiye da kima a saurin duka. Kilo 6 a kan shok mai kyau irin na Bilstein, Koni, KW ko Öhlins da aka daidaita masa ya fi kilo 4 a kan shok da ya gaji daɗin hawa. Ka tambayi mai ƙera shok ɗinka iyakar taurin da bawul ɗinsa ke ɗauka kafin ka sauya sifirin. Maɓallin daidaitawa yana gyara kaɗan ne, ba ya mayar da shok na kilo 5 ya zama na kilo 10. Ka kuma nemi mai gajeren jiki, ko koyiloba, wato shok da sifirin a haɗe masu daidaita tsayi, da ake sauke ta daga mazaunin ƙasa ba tare da taɓa sifirin ba, domin su ne ke dawo da tazarar da saukarwa ta ci. A irinsu iyakar takan koma wani wuri, taya ta fara gogar cikin bodi kafin shok ya ƙure, don haka sai an duba.

Idan ƙorafinka kwanciya ne a kwana kawai, birki da gargada ba sa kai ka kan roba, sitabilaiza ta fi dacewa da a taɓa. Taurinta yana bin kaurinta an ninka shi da kansa har sau huɗu, tashi daga milimita 22 zuwa 24 na ƙara kusan kashi 42 cikin ɗari. Ba ta yin komai idan tayoyin biyu suka hau tare, don haka ba ta hana nutsewar birki, kuma idan ta yi kauri sosai tana jijjiga kai gefe da gefe a hanyar da taya ɗaya ke faɗawa rami.

Auna kafin ka saya

Motar da aka sauya mata abubuwa ba ta da nauyin da ke cikin littafinta. Babban inji, turbo, da na'urar sanyaya iskar turbo duk a hanci suke zama. Ƙarin kilo 30 a kowane gefe yana sauke lilon kilo 6 zuwa kusan 1.9, ya kuma ci milimita 5 ko 6 daga tazara. Ka ɗora ta a sikelin da ke auna kowace taya dabam, kana ciki, da man da ka saba ɗauka.

Sai tazarar kanta. Ka cire sifirin gefe ɗaya, ka kwance sitabilaiza, ka mayar da taya, ka sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa ka ɗaga daga tsayin da motar ke zama har wani abu ya taɓa. Ka juya sitiyari dama da hagu a can saman. Ka rubuta milimita nawa ne, da kuma abin da ya fara taɓawa.

Bayan an haɗa komai, akwai gwaji mai sauƙi da ba ya ƙarya. Ka ɗaura siririn maɗaurin roba, irin wanda ake ɗaure wayoyin lantarki da shi, a jikin sandar shok, ka tura shi ƙasa ya zauna a bakin shok ɗin. Ka yi tuƙin da ka saba, da birki mai ƙarfi da kwanoninka, ka dawo ka leƙa da tocila. Idan maɗaurin ya tsaya da 'yar tazara a ƙarƙashin roba, ko ya ɗan taɓa ta, taurin ya yi. Idan ya nutse cikin robar, ita kuma bakinta ya yi ƙyalli, ya tsattsage, ko tana zubar da gari, a kanta kake tafiya, ka ɗaga motar da milimita 10 ka sake gwadawa kafin ka ƙara kilo 1 ko 2. Idan kuwa bai kai rabin hanya ba bayan tuƙi mafi zafi, kana ɗauke da taurin da ba ka amfani da shi, ka sauko.

Wajen oda, lambar tauri ba ta isa ba. Sifirin koyiloba yana zuwa da faɗin ciki daban daban, milimita 60, inci 2.25, inci 2.5, milimita 65, kuma wani ba ya zama a mazaunin wani. Tsawon ma haka. Idan ka sauko daga 8 zuwa 6 ka bar tsawo ɗaya, motar za ta ƙara zama da kusan milimita 16, kuma sai ka tabbata zobban ba za su haɗu su kulle ba kafin ƙafar ta kai roba, domin sifirin da ya kulle ƙarfe ne a kan ƙarfe, dukan kuma kan mazaunin shok na sama yake ƙarewa. Ka sauya biyun gaba tare, ka bar baya yadda yake har ka ji bambancin, sannan a sake alaimen, tunda duk sauyin tsayi yana motsa saitin tayoyin gaba.